Risala a Kan Goma Sha Biyar ga Watan Maris da Abin da Ya Auku a Cikinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka. Waɗansu 'yan'uwa masu neman ilimi a zaurukan Dutsin-Ma da Kurfi sun tambaye ni a kan rana ɗaya daga kwanakin shekarar Nasara, ita ce goma sha biyar ga watan Maris. Suka ce sun ji a cikinta aka ci Sakkwato, a cikinta kuma aka mayar wa Arewa da mulkinta, sun kuma ji sarakunan duniya da yawa sun faɗi a cikinta. Suka ce, shin rana ce mai wani sirri, ko kuwa ƙaƙa? Na amsa musu da wannan takarda, na tsaya ga abin da ya inganta wurin ma'abota tarihi.

Fasali a kan faɗuwar Sakkwato

Ka sani, ya kai ɗan'uwana, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu cikin shekarar 1902, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu. Bai yi wata shida a kan gado ba Nasara suka taso. A lokacin sun riga sun ci Bida da Kontagora da Yola da Bauci, Zazzau ma tana hannunsu. Suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Sa'an nan suka yi yamma, suka gamu da Wazirin Kano Ahmadu wajen Kwatarkwashi, aka yi yaƙi, ya yi shahada.

Ran Lahadi, 15 ga Maris 1903, da safe, suka tsaya a filin Giginya bayan ganuwar Sakkwato. Shugabansu Kanar Molan. Sojansu ɗari shida ne da 'yan kai, kuma mafi yawansu baƙaƙen mutane ne irinmu, Hausawa da Yarbawa da wasunsu, Turawan cikinsu kaɗan ne. Wannan abu ne da masu ba da labari ba su son faɗi, ni kuwa na ga faɗinsa ya fi. Jama'ar Sarkin Musulmi sun fi su yawa nesa, da dawaki da masu da takubba da baka. Amma Nasara suna da igwa da bindiga mai ruwa, wadda ke zubo harsashi ba tsayawa. Doki bai iya kai wa gare ta, balle mai kwari da baka. Yaƙin bai kai rabin yini ba jama'a suka watse. Waɗansu suka tsaya a gindin tuta, ba su gusa ba har aka kashe su a nan, Allah ya ji ƙansu.

Daga nan malamai suka rabu biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ya ce hijira ta wajaba, ya yi gabas, talakawa da malamai da sarakuna suna barin gonakinsu suna bin sa, har Nasara suka tsorata da yawan masu tafiya. Waziri Buhari kuwa ya komo gari tare da waɗanda suka saura, ya yi sulhu, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa, cewa in an bar mutane ba shugaba addini da dukiya duka za su salwanta. Ba na ganin ɗayansu ya yi wasa da al'amarin. Gwamna Lugga ya iso bayan kwana huɗu, ran 21 ga wata aka naɗa Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, bisa sharuɗɗan Nasara. Shi kuwa Attahiru na farko suka bi shi har Burmi a ƙasar Gombe, aka kashe shi ran 27 ga Yuli, aka kashe Manjo Mash daga ɓangarensu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har bakin kogin Nilu a Sudan, garin da suka kafa yana can da sunansa.

A wannan rana da ake yaƙi a Giginya aka haifi wani yaro a Dange, kudu da Sakkwato, daga zuriyar Shehu, aka sa masa Abubakar. Riƙe sunansa, za mu komo gare shi.

Mu nan ƙasar Katsina ba a harba bindiga ba. Ba a yi wata guda da cin Sakkwato ba Lugga ya iso Katsina, Sarki Abubakar ya karɓe shi da sulhu. Sulhun bai tsare masa gadonsa ba, ba a daɗe ba suka tuɓe shi, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi, a 1906 suka ba Durɓi Muhammadu Dikko. Sarauta ta fita daga gidan Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje mai tutar Shehu, ta koma Sulluɓawa. Nasara suka yanka ƙasa gunduma gunduma, suka ce kowane hakimi ya zauna cikin ƙasarsa ya tara haraji da jangali. Zaman 'Yandaka da kake gani a Dutsin-Ma, da na Maraɗi a Kurfi, kowa da iyakarsa a rubuce, a kan wannan tsari ya ginu, ko da yake sarautun sun girme shi.

Fasali a kan komowar ranar

Bayan shekara 56, ran 15 ga Maris 1959, Jihar Arewa ta karɓi mulkin kanta a Kaduna. Gwamna Gawen Bel ya sauka daga shugabancin majalisar zartarwa, Firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya hau. Wannan haɗuwa da gangan aka yi ta. Jihar Gabas da ta Yamma sun karɓi nasu tun 1957. Mutanen Arewa suka jinkirta, domin ba su da isassun ma'aikata masu ilimin boko, kuma wannan jinkiri ya jawo musu zagi a Ikko tun 1953, har aka yi tarzoma a Kano a shekarar. Da lokaci ya yi, Sardauna, wanda yake jikan jikan Shehu ta wajen Sarkin Musulmi Bello, ya zaɓi ranar da aka karɓe mulki daga kakanninsa domin a mayar a cikinta. Sarkin Musulmi na lokacin kuwa shi ne yaron nan na Dange, Abubakar na uku, wanda ya hau gado a 1938 ya zauna shekara hamsin. A ranar ya cika shekara 56 daidai. Sarkin Katsina Usman Nagogo ne, ɗan Dikko. Cikin ministocin Sardauna akwai Alhaji Isa Kaita, wanda kwalejin horon malamai ta Dutsin-Ma take ɗauke da sunansa. Shi Sardauna ma a Kwalejin Katsina ya yi karatu.

Fa'ida. Ranar ta 1959 ita ma Lahadi ce kamar ta 1903. In ka ce wannan fa, ba alama ba ce? Sai in ce maka hisabi ne. Shekarar rana tana da kwana 365, wato mako 52 da kwana ɗaya, kowace shekara ta huɗu kuma ana ƙara kwana guda. Saboda haka kwanakin mako suna komowa mazauninsu bayan shekara 28, kuma 56 ita ce 28 sau biyu. Wanda ya iya ɗarabi ba ya mamakin wannan.

Kada kuma ka haɗa da ranar da aka kashe Sardauna. Ita ma goma sha biyar ce, amma ta Janairu, 1966. Na ji masu son abin al'ajabi suna cusa ta cikin lissafin, wata kuwa daban ne.

Fasali a kan sauran ƙasashe

Mafi daɗewar abin da ake ambata shi ne kisan Yuliyos Ƙaisar, shugaban Rumawa, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, wato fiye da shekara 660 kafin hijira. Manyan majalisarsa suka ji tsoron zai mai da kansa sarki, suka taru a kansa da wuƙaƙe a wurin zaman majalisa, cikinsu har da Burutus wanda ya yarda da shi. An ƙidaya sara 23 a jikinsa. Abin da suka gudu shi ya same su, domin magajinsa Agustus ya zama sarkin da suka ƙi, sunan Ƙaisar kuma ya zama laƙabin sarakunan Rum har zamanin Hiraƙla. Abin lura a nan, shi wannan Ƙaisar shi ne ya tsara shekarar rana mai kwana 365 da rubu'i, shekara biyu kafin a kashe shi.

A irin wannan rana a 1493 Kolombos ya komo tashar Falos a Andalus daga tafiyarsa ta farko zuwa ƙasashen da ake kira Amurka, shekara guda da 'yan watanni bayan faɗuwar Garnaɗa. A 1917 Sarkin Rasha Nikolas na biyu ya sa hannu ya sauka daga mulki yana cikin jirgin ƙasa a garin Piskof, gidansu ya yi shekara 304 yana sarauta. A 1939 sojan Hitila suka shiga birnin Parag ba da yaƙi ba, wata shida bayan haka babban yaƙi ya tashi, wanda aka ɗebi samarin ƙasarmu aka kai su Bama dominsa. A 2011 aka fara zanga-zanga a Dimashƙa, ta zama yaƙin Sham, bai kwanta ba sai da gidan Asad ya faɗi cikin Disamba 2024.

A 2019 kuwa, ran Juma'a, wani mutum ya shiga masallatai biyu a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan da bindiga, mutum 51 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Bayan shekara uku, ƙasar Pakistan ta kai magana Majalisar Ɗinkin Duniya a madadin ƙasashen Musulmi, aka sanya 15 ga Maris ta zama ranar yaƙi da ƙin jinin Musulunci. Wannan ita ce ta biyu da aka yi da niyya, irin ta Sardauna.

Fasali a kan hisabi, shi ne maƙasudin takardar

Yanzu sai mu auna. Abubuwan nan kashi uku ne. Akwai wanda mutane suka zaɓar masa ranar domin tunawa, su ne na 1959 da na 2022, kuma ba a neman sirri a cikin abin da mai shi ya faɗi dalilinsa. Akwai wanda ya faɗo bisa katari. Kwanakin shekara 365 ne kacal, shekarun da aka rubuta tarihinsu dubbai ne, ƙasashe kuma ba su ƙidayuwa. In ka zuba gero buhu guda cikin ƙorai 365, wace ƙwarya ce za ta tashi wofi? Ɗauki kowace rana ka bincika, za ka sami sarki ya faɗi a cikinta. Ma'abota lissafi sun tabbatar cewa in almajirai 23 suka zauna a zaure ɗaya, zaton a sami biyu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya ya rinjayi zaton a rasa. Gwada a makarantarku in an rubuta ranakun.

Kashi na uku shi ne wanda bai haɗu ba sai da aka gyara lissafi. Shekarar Ƙaisar ta fi shekarar rana ta gaskiya tsawo da kamar minti goma sha ɗaya, abin ya yi ta taruwa har ya zama kwana goma. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya yi umurni a zubar da su, mutane suka kwanta ran Alhamis 4 ga Oktoba suka tashi ran Juma'a 15 ga wata. Ingila ba ta bi ba sai 1752, ta zubar da kwana 11. Rasha ba ta bi ba sai 1918, ta zubar da 13. To ka gani, ranar da Nikolas ya sauka, a takardun mutanensa 2 ga Maris ce, Turawan yamma ne suka kira ta 15. Ranar Kolombos kuwa da tsohon lissafi aka rubuta ta, in ka juyar da ita zuwa sabo sai ta koma 24 ga wata. Ashe Kolombos da Nikolas ba su taɓa haɗuwa a rana ɗaya ba, ko da tsohon lissafin ko da sabon.

Sa'an nan ga lissafin da muke rubuta ƙarshen littattafanmu da shi. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kamar kwana 11, har shekara 33 ta wata ta zo kusa da 32 ta rana. In ka mayar da ranakun nan gare ta sai taron ya watse. Yaƙin Giginya ya faɗo tsakiyar Zulhajji 1320, 'yan kwanaki bayan sallar layya. Saukar Nikolas cikin Jimada Awwal 1335. Shigar Parag cikin Muharram 1358. Kisan masallatan Niyu Zilan cikin Rajab 1440. Mulkin kan Arewa kuwa ya zo farkon Ramalana 1378, mutane suna azumi cikin zafin bazara, shi ya sa ba a yi babban biki ba sai cikin watan Mayu, da aka yi hawan daba a Kaduna, baffan Sarauniyar Ingila ya zo ya halarta. Tsakanin Giginya da Kaduna shekara 56 ce cif a wurin mai lissafin rana, amma a wurin mai duban wata shekara 57 ce da kusan wata tara.

Haka kuma tsawon daular kanta. Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804, wanda ya yi daidai da Zulƙida 1218. Mai ƙidaya da rana zai ce maka daga Gudu zuwa Giginya shekara 99 ce da 'yan kwanaki, ba ta cika ɗari ba. Mai ƙidaya da wata zai ce shekara 102 ce da wata guda. Na ga almajirai biyu suna musu a kan wannan har murya ta tashi, ɗaya yana riƙe da littafin makarantar boko, ɗaya da takardar kakansa, alhali kowannensu ya ƙidaya daidai.