Rabon Damar Farauta a Wiskonsin: Kwanaki Ake Ƙirgawa Ko Abin da Aka Kashe?

Akwai ra'ayin da ya yi ƙarfi a tsakanin maharba masu bindiga a Amurka, wanda ke cewa an zalunce su. Hujjarsu a jihar Wiskonsin a fili take: babban lokacin farautar barewa da bindiga kwana tara ne a ƙarshen Nuwamba, alhali masu kwari da baka suna daji tun tsakiyar Satumba har farkon Janairu. Tun da namun daji amana ce a hannun hukuma domin kowa, kamar yadda aka sani tun shari'ar Geer ta 1896, sai suka ce a raba kwanakin daidai. A ganina wannan lissafi bai tsaya a kan ƙafarsa ba.

Lokacin da Wiskonsin ta buɗe kakar baka ta farko a ƙasar a 1934, raunin makamin ne ya halatta tsawon kwanakin. Mai baka sai ya bari barewa ta matso kusan taku ashirin ko talatin, sannan ya ja tsirkiya a gaban idonta, kuma motsi kaɗan ko iskar da ta kai mata warinsa ya isa ta ɓace. Mai bindiga kuwa yana harbi daga nesa. Kwana ɗaya nasa bai yi daidai da kwana ɗaya na mai baka ba, don haka ma'aunin adalci shi ne rabon dabbobin da kowane ɓangare ya kashe.

Masu wancan ra'ayi suna ƙarawa da cewa kuɗinsu ne ke riƙe da dazuzzukan, ta harajin bindiga da harsashi da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware. Gaskiya ne kasonsu ya fi yawa. Amma tun gyaran 1972 aka sa kayan baka cikin harajin, kuma in da yawan biya ke sayen dama, da amanar ta tashi daga amana ta koma haja.

Sai dai dole in taƙaita da'awata, domin bakan 1934 ba shi ne na yau ba. Holless Wilbur Allen ya sami rajistar bakansa mai ƙananan tayoyi a 1969, wanda ke rage nauyin tsirkiya bayan an ja ta. Duk da haka, sai an ja ɗin a gaban dabba. Abin da ya sauya al'amari shi ne baka mai kunama, wanda Wiskonsin ta halatta wa kowa a 2014. Ana ɗana shi tun kafin barewa ta bayyana, a ɗora a kan madogara, a auna da madubin hangen nesa. Cikin 'yan shekaru abin da ake kashewa da shi ya zarce na bakan hannu. Kuma kakarsa ta haɗa da farkon Nuwamba, lokacin barbara, sa'ad da manyan mazan barewa ke yawo da rana ba su kiyaye kansu, tun mai bindiga bai shiga daji ba. A nan ƙorafin masu bindiga yana da gindi, ko da yake sun jingina shi ga dukan masu baka.

Tsofaffi da naƙasassu, waɗanda jan tsirkiya ya fi ƙarfinsu, su ci gaba da amfani da baka mai kunama duk tsawon kakar, kamar yadda dokar ta ba su kafin 2014. Ga sauran maharba, ya kamata hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ta rage wa baka mai kunama kwanaki, ta bar wa bakan hannu doguwar kakarsa.