Kulki da Harsashi a Titunan Duwala

Unguwar New Bell ta samo asali daga tilas. A shekara ta 1914 Jamusawa suka kori mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, suka tura su can baya, suka bar fili tsakaninsu da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta na wannan shekara. Duwalawa ba su so zama a wurin ba, sai baƙi suka cika shi: Basa, Bamileke, Ewondo, da Hausawa fatake da mahauta waɗanda suka kafa unguwarsu da masallacinsu. Jikokinsu suna nan har yanzu, suna ciniki daga New Bell zuwa kasuwar Mboppi.

Tun daga lokacin nan hukuma take duban unguwar kamar wurin da ake tsaro, ba wurin da ake tsarewa ba. A watan Satumba 1945, da yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ya zama tarzoma, Turawa farar hula ne suka karɓi bindigogi suka bi titi suna harbi. A watan Mayu 1955, a zamanin Roland Pré, jama'a suka doshi kurkukun New Bell, aka buɗe musu wuta, ofishin jam'iyyar UPC kuma ya ƙone. Lissafin Faransawa ya ce mutum 26 suka mutu a ƙasar duka, 189 suka ji rauni. Ranar 13 ga Yuli aka haramta jam'iyyar.

Abin mamaki shi ne, Kamaru ba ta rasa doka mai kyau ba. A shekara ta 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taro a Habana, ta tsara ƙa'idodi cewa kada ɗan sanda ya yi harbin kisa sai in babu wata hanyar ceton rai, gwamnatoci kuma su ba jami'ansu makaman da ba sa kisa, da garkuwa da hular kwano. Ranar 19 ga Disamba na wannan shekara Kamaru ta kafa doka mai lamba 90/054. Dokar ta hana amfani da bindiga a aikin kwantar da tarzoma na yau da kullum. Har harbi sama ta hana, gama wanda ya fara da sama yakan sauke bakin bindiga. Ta yarda da barkonon tsohuwa da kulki. Bindiga kuwa sai in an kai wa jami'ai mummunan hari, kuma da umarnin hukumar mulki. Tawadar ba ta gama bushewa ba aka shiga yajin rufe birane na 1991, aka danƙa wa hafsoshin soja tsaron larduna, jini ya zuba a Duwala.

Mafi muni ya zo a shekara ta 2000. 'Yan fashi sun addabi birnin ƙwarai, wannan gaskiya ne, 'yan kasuwa ba sa barci. A watan Fabrairu Shugaba Paul Biya ya kafa runduna ta musamman, wadda ta haɗa soja da jandarma da 'yan sanda, a ƙarƙashin Janar Philippe Mpay. Da farko mutane suka yi ta tafi, masu bi ma ba a bar su a baya ba. An ba da lambar waya domin a tona ɓarayi, sai ta zama makamin maƙwabci a kan maƙwabci. Wanda yake bin wani bashi, ko yake kishi da shi, ya buga waya, da dare mota ta zo. Aka fara tsintar gawawwaki a bakin hanya.

Kadinal Christian Tumi, Akbishop na Duwala, bai yi shiru ba. A watan Yuni 2000 ya rubuta wa gwamnan lardin Litoral wasiƙa, ya ce an kashe fiye da mutum 500 ba tare da shari'a ba. Ƙungiyar Kirista mai yaƙi da azabtarwa, ACAT, wadda Madeleine Afité take jagoranta a lardin, ta bi iyalai gida gida tana rubuta sunaye, ta ce adadin ya wuce 1,000. Waɗannan mutane sun san Romawa 13, inda Bulus ya yi maganar takobin mai mulki. Sun kuma san Luka 3, inda Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi sojoji game da ƙwace da ƙarar ƙarya. Ba su ga dalilin karanta ɗaya su rufe ɗaya ba.

Ranar 23 ga Janairu 2001 aka kama samari tara a unguwar Bepanda. Laifin da aka ɗora musu shi ne satar tukunyar gas ta wata maƙwabciya. Ba a ƙara ganinsu ba. Iyayensu da masu goyon bayansu suka riƙa fita maci ranar Lahadi, ana korarsu da kulki da barkonon tsohuwa, suna komowa. A 2002 kotun soja ta Yawunde ta yi wa jami'ai takwas shari'a. Ta sallami shida, biyu kuma ta same su da laifin saɓa umarni kawai. Ba wanda aka hukunta saboda ran yaran.

Makamin da aka ce ba ya kisa ma yana kisa in an sa shi inda ba mafita. Ranar 27 ga Fabrairu 2008, lokacin boren tsadar abinci da mai, dubban matasa suka taso daga Bonaberi za su haye gadar Wuri zuwa cikin gari. Jami'ai suka tare su a kan gadar, aka watsa musu hayaƙi da ruwa, aka yi harbi. Amfanin barkonon tsohuwa shi ne ya sa mutum ya gudu, amma a kan gada ina za shi? Waɗansu aka tattake su, waɗansu suka faɗa kogi, masunta suka riƙa ganin gawa bayan kwanaki. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu a ƙasar duka cikin wannan mako. Masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ƙirga 139, akasarinsu a Duwala.

Kadinal Tumi ya rasu a watan Afrilu 2021, shekara ashirin bayan kama samarin Bepanda. Har ya bar duniya ba a nuna wa iyayensu kabari ko ɗaya ba.