Yadda Algus Ya Raba Matasan Japan da Giyar Kakanninsu

A shekarar 1973 masana'antun Japan suka fitar da sama da lita biliyan 1.7 na sake, giyar shinkafar da ake sha a bukukuwan aure kuma ake miƙawa a wuraren bautar addinin Shinto. Tun daga nan kasuwar ke ja da baya, har yau abin da ake fitarwa bai kai kashi ɗaya cikin uku na wancan adadi ba. Masu sana'ar kan ɗora laifin a kan biya da wiski da giyar inabi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ɓarnar daga cikin gida ta faro.

Sana'ar tsohuwa ce mai cin rai. Sai an surfe shinkafa, an turara ta, sannan a baje ta a ɗaki mai ɗumi a barbaɗa mata koji, wata funfuna da ke mayar da ƙwayar ta yi zaƙi. Kwana biyu ma'aikata ke yi suna juya ta da hannu, dare da rana, ƙarƙashin shugaban aiki da ake kira toji. Galibin waɗannan mutane manoma ne da ke zuwa ci-rani lokacin hunturu. Gwamnati ma ta daɗe da sanin daɗin harajin wannan giya, shi ya sa a 1899 ta hana kowa dafa ta a gida.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo algus. Shinkafar ci ma ta yi wuya, sai aka halatta ƙara tsurar barasa. Bayan yaƙin aka ƙara da ruwa da sukari, har ganga ɗaya ta koma uku. Yunwa ta wuce, ƙasa ta yi arziki, amma riba ta hana a daina. Sai a 2006 doka ta cire irin wannan haɗi daga jerin abin da za a kira sake. Kafin nan suna ya riga ya ɓaci. A idon saurayin Tokyo, sake abin shan dattawa ne, mai ɗankon zaƙi da sa ciwon kai.

An fara neman matasa ta hanyar sauya mazubi. Ranar 10 ga Oktoban 1964, ranar buɗe gasar Olympics ta Tokyo, kamfanin Ozeki ya fito da One Cup, ƙaramin kofin gilashi mai murfi. Ya samu karɓuwa ƙwarai, sai dai a ƙarshe shi ma ya zama tambarin tsofaffin 'yan ƙwadago a tashar jirgin ƙasa.

Wanda ya taɓa abin da ke cikin kwalbar shi ne Hiroshi Sakurai. A 1984 ya gaji wata masana'anta da ke daf da durƙushewa a tsaunukan Yamaguchi. Ya watsar da mai araha, ya koma surfa shinkafar Yamada Nishiki har sai kashi 23 cikin ɗari na ƙwayar ya rage, aikin da ke cin kwanaki a inji. Abin da ya fito, Dassai, yana ƙamshin 'ya'yan itace, kuma da sanyi ake shan sa a kofin giyar inabi. Da toji ɗinsa ya tafi ya bar shi, bai nemi wani ba. Ya ɗauki matasan ma'aikata, suka riƙa auna zafi da zaƙi suna rubutawa, suna aiki rani da damina. 'Yan gargajiya sun yi tsaki, amma Tokyo ta saya. A 2014 firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya ba shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, kyautar Dassai, a 2023 kuma kamfanin ya buɗe masana'anta a jihar New York.

Wasu suka bi ta rage ƙarfi. Kamfanin Ichinokura ya fitar da Suzune a 1998, kamfanin Takara ya biyo da Mio a 2011, dukansu masu kumfa, barasarsu kashi 5 cikin ɗari maimakon 15 da aka saba, kuma 'yan mata aka nufa da su.

Hukuma kuwa ta shigo da nata salon. Birnin Kyoto ya kafa doka a 2013 mai ƙarfafa buɗe liyafa da sake. A 2022 hukumar haraji ta shirya gasar Sake Viva, tana neman dabarar da za ta sa matasa su ƙara sha. Jama'a suka yi mata ca, kuma ta cancanci haka, domin asusunta take dubawa, lafiyar yaran ba ta dame ta ba. A shekarar ce kuɗin sake da aka fitar waje ya kai yen biliyan 47, Sin da Amurka ne kan gaba wajen saye. A Disamban 2024 UNESCO ta sa fasahar dafa giya da koji cikin kayan gadon duniya, alhali a gida ɗaruruwan masana'antu sun riga sun rufe ƙofa.