Dala 299: Tarihin Sayar da Na'urar Gem a Kan Faɗuwa

Ranar 11 ga Mayun 1995 aka buɗe bajekolin wasannin bidiyo na E3 karo na farko a birnin Los Anjalis na Amurka. Shugaban kamfanin Sega reshen Amurka, Tom Kalinske, ya hau mumbari ya sanar da cewa sabuwar na'urarsu, Saturn, wadda aka ce sai watan Satumba za ta fito, ta riga ta isa wasu manyan kantuna a ranar, kuma kuɗinta dala 399. Da aka zo kan Sony, wanda a lokacin baƙo ne a wannan kasuwa, sai aka gayyato shugaban sashen wasanninsu na Amurka, Steve Race, don ya yi ɗan jawabi. Ya taso da takardu a hannu kamar mai shirin dogon bayani, ya ajiye su, ya ce, "299," ya kwashi takardunsa ya koma mazauninsa. Zaure ya kaure da tafi.

Wanda ya duba da kyau zai ga ratar ba ta kai yadda ta yi amo ba. Saturn tana zuwa da gyaran wasa guda a cikin kwali, wato Virtua Fighter, tana kuma da wurin adana wasa a cikinta. PlayStation kuwa tsura take zuwa, sai ka sayi faifan wasa daban, ka sayi katin adanawa daban. Amma mai saye lambar da ke jikin kwali yake fara gani, kuma Sony ya fahimci haka. Abin da muke so mu bi sawunsa shi ne yadda aka yi wannan lamba ta rabu da kuɗin da aka kashe wajen ƙera na'urar, ta zama koto a bakin ƙugiya.

Sai mun ɗan koma baya. A 1977 Atari ya fito da na'urar da daga baya aka sani da 2600 a kan dala 199, ba tare da wani makulli a jikinta ba. A 1979 wasu masu rubuta manhaja huɗu suka bar Atari saboda ba a sa sunansu a wasannin da suka rubuta, ba a kuma ba su kaso, suka shiga kafa Activision. Da aka ga babu abin da zai hana kowa buga kaset ɗin Atari, sai kowa ya shigo, gwani da ɗan koyo. Kantuna suka cika da tarkacen wasanni, aka yi ta karya farashi, mutane suka daina yarda da kayan baki ɗaya. A 1983 kasuwar Amurka ta rushe, har Atari ya kwashi kaset ɗin da suka yi kwantai ya binne a wani juji a Alamogordo da ke jihar Niyu Meziko. An daɗe ana ɗaukar labarin kamar tatsuniya, sai a 2014 aka tona aka same su.

A shekarar da ake wannan binnewa ne Nintendo ya fito da Famicom a Japan a kan yen 14,800. Shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya matsa wa injiniyoyinsa su yi na'ura mai arhar da babu abokin hamayyar da zai iya bi. Da ta tsallaka Amurka a 1985 da sunan NES, sai aka dasa mata wata 'yar ƙwayar lantarki mai aikin maigadi: a kowane kaset na halal akwai 'yar uwarta, idan ka kunna sai su gaisa, in ba su gane juna ba na'urar ta ƙi tashi. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan dabara ba wata gagaruma ba ce ta fuskar fasaha. Ta fuskar ciniki kuwa ita ce ta sauya komai. Duk mai son ya sayar da wasa a NES sai ya karɓi lasisi, Nintendo ne zai buga masa kaset, shi zai biya kuɗin bugun, wasanni biyar kawai aka yarje masa a shekara, kuma ba zai kai wasan wata na'ura ba sai bayan shekara biyu. Konami, da ya ga biyar ba za su ishe shi ba, sai ya buɗe wani kamfani mai suna Ultra Games ya ƙara samun wasu biyar ɗin.

Ma'ana dai Nintendo ya zama mai kasuwa, ba ɗan kasuwa kawai ba. Shi ya gina rumfunan, shi ke da ƙofa, kuma duk kayan da ya shiga sai an ba shi la'ada. Da zarar lissafi ya koma haka, ribar akwatin kanta ta rage muhimmanci. Abin da ake nema shi ne akwatin ya shiga gidaje da yawa, don kowane gida zai yi shekaru yana sayen wasa. Duk wanda ya taɓa sayen firinta da arha, sannan ya je sayen tawadarta ya ji kuɗi, ya san irin wannan ciniki.

Babu abin da ya tabbatar da wannan lissafi kamar wanda ya gwada saɓa masa. Trip Hawkins, wanda ya kafa Electronic Arts, ya fito da tsarin 3DO a 1993. Shi ba zai ƙera na'ura ba, zai ba kamfanoni irin su Panasonic lasisi su ƙera, kuma dala 3 kacal zai karɓa a kan kowane faifai. Masu rubuta wasa sun ji daɗi. To amma Panasonic ba shi da rabo a kuɗin wasanni, dole ya ci ribarsa a jikin akwatin, sai na'urar ta fito a kan dala 699. Ba ta yi shekara huɗu a kasuwa ba.

Sony ya shigo ne da haushi. Ya yi yarjejeniya da Nintendo zai haɗa masa na'urar karanta faifai, sai a 1991 Nintendo ya juya masa baya a bainar jama'a ya koma wa Philips. Injiniya Ken Kutaragi ya shawo kan shugabanninsa su ci gaba su kaɗai. Makaminsu na gaske faifan CD ne. Kaset yana da tsadar bugu, ana jira makonni kafin ya iso, kuma idan wasa bai karɓu ba mai shi ya tashi da tulin kayan da ya riga ya biya. Faifai kuwa arha ne, ana buga kaɗan a gwada kasuwa, in ya tafi a ƙaro nan da nan. Ga kuma fili: faifai ɗaya yana ɗaukar megabait 650, alhali kaset mafi girma na Nintendo 64 bai wuce 64 ba. Shi ya sa Square, wanda ya yi shekaru yana tare da Nintendo, ya kai Final Fantasy VII wajen Sony a 1997, a kan faifai uku.

A 1996 Sony ya sake sauko da farashi zuwa dala 199. Sega ya bi, amma yana bi yana zubar da jini, domin Saturn tana da manyan ƙwaƙwale biyu da tarin wasu ƙwayoyin lantarki masu tsada, ga wahalar rubuta mata manhaja. Dillalan da aka tsallake a fitowar bazata ta watan Mayu ma ba su manta ba, har kantunan KB Toys suka ƙi ɗaukar Saturn. PlayStation ta haura miliyan 100, Saturn ta tsaya wajen miliyan 9. Dreamcast ta zo a 1999 a kan dala 199, na'ura mai kyau ƙwarai a ganinmu, amma aljihun Sega ya riga ya huje. A 2001 ya daina ƙera na'ura, ya koma sayar da wasanninsa a rumfunan waɗanda suka kayar da shi.

PlayStation 2, wadda ta fito a 2000 a kan dala 299 tana kuma kunna faifan DVD, ita ce ta fi kowace sayuwa a tarihi, sama da miliyan 150. Ita ce kuma da yawanmu muka sani a gidajen gem na Kano da Kaduna da Maraɗi, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa hannu. Sai dai a nan lissafin kamfani bai yi aiki ba. Yawancin na'urorin na hannu ne, an yi musu aiki don su karanta faifan da aka kwafa, daga baya ma aka koma loda wasanni a filas. Ƙugiya ta zo mana da kotonta, muka cinye koton muka bar ƙarfen.

Nasara takan sa mutum ya manta abin da ya kawo ta. A 2006 Sony, wanda ya kashe Saturn da lamba ɗaya, ya tsaya a wannan bajekoli na E3 ya ce PlayStation 3 dala 499 ce, babbar kuma 599. Xbox 360 ta Microsoft ta riga ta yi watanni a kasuwa a kan 299 da 399. Abin mamaki, a wannan tsadar ma faɗuwa ake yi: kamfanin iSuppli ya warware na'urar ya ƙiyasta cewa babbar tana cin kimanin dala 840 kafin ta bar masana'anta. Sony ya cusa mata ƙwaƙwalwar Cell, wadda ya ƙera tare da IBM da Toshiba, da kuma na'urar karanta Blu-ray, don yana wani yaƙin daban da Toshiba a kan faifan da zai gaji DVD. Wancan yaƙin ya ci shi a 2008, amma sashen wasanni ne ya biya kuɗin makaman.

A nan ne wani abin dariya ya faru, wanda ya tona asirin tsarin gaba ɗaya. PlayStation 3 ta farko tana ba da damar a ɗora mata Linux a yi amfani da ita kamar kwamfuta. Masu bincike suka lura cewa babu inda za a sami ƙarfin lissafi irin na Cell a wannan kuɗi, tunda Sony ne ke cike gibin. Sashen bincike na rundunar sojin saman Amurka ya haɗa guda 1,760 ya mayar da su babbar kwamfuta ɗaya mai suna Condor. Wato Sony ya yi faɗuwa a kan kowace ɗaya, kuma babu wadda za a taɓa saya wa wasan ƙwallo. A Afrilun 2010 kamfanin ya tura sabuntawa ta intanet ya cire damar Linux daga na'urorin da mutane suka riga suka saya, yana kafa hujja da tsaro bayan wani matashi, George Hotz, ya fara fasa makullin. An kai shi kotu, daga bisani aka yi sulhu ya biya diyya. A ra'ayinmu wannan ce ranar da ta fito fili cewa wanda ya sayi akwati a ƙasa da kuɗinsa bai gama mallakarsa ba.

Nintendo bai shiga wannan tseren ba. Wii ta fito a 2006 da dala 249, da kayan ciki marasa ƙarfi, tana kawo riba tun ranar farko, ta kuma haura miliyan 100. Amma shi ma ya taɓa ƙonewa: 3DS ta fito a 2011 a kan dala 249, cikin wata biyar aka dawo da ita 169, shugaban kamfanin Satoru Iwata ya zabge rabin albashinsa.

A 2013 sai abin ya juyo kan Microsoft. Xbox One dala 499, PlayStation 4 dala 399, ratar ɗari ɗaya daidai irin ta 1995. Abin da ya fi farashin tayar da ƙura shi ne sharuɗɗan: na'urar sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowane awa 24, kuma an taƙaita aron faifai da sayar da na hannu. Mai karatu da ke lissafin data da jiran a kawo wuta ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da wannan ke nufi. Dalilin kamfanin a fili yake, faifan da aka sake sayarwa ba ya kawo la'ada. Sony ya saki ɗan gajeren bidiyo na yadda ake ba aboki aron wasa a na'urarsa: wani jami'i ya miƙa wa wani faifai, shi ke nan. Cikin 'yan kwanaki Microsoft ya janye, amma PlayStation 4 ta tafi ta bar shi da nisa.

Abin da aka kasa ƙwata da ƙarfi a 2013, an same shi a hankali. Yau mafi yawan wasanni saukewa ake yi daga kantin kamfani na intanet, inda mai na'ura ke ɗaukar kashi 30 cikin ɗari, ga kuɗin wata-wata kafin ka buga da wani ta intanet, abin da Microsoft ya fara da Xbox Live a 2002, Sony ya bi a 2013. A shari'ar Epic da Apple a 2021, an tambayi wata jami'ar Microsoft, Lori Wright, ko sun taɓa cin riba a kan sayar da akwatin Xbox. Ta ce a'a.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da ta mutu ba a yi mata zaman makoki ba. A da, mai haƙuri yakan ci riba, domin duk bayan 'yan shekaru ana ƙanƙance ƙwayoyin lantarki, kuɗin ƙira ya sauka, farashi ya biyo baya. PlayStation 2 ta faro daga 299 ta sauko har 99 a 2009. Yanzu ƙanƙancewar kanta ta yi tsada, ga hauhawar farashi, ga harajin shigo da kaya. PlayStation 5 ta fito a 2020 a kan dala 499, aka ƙara mata kuɗi a Turai da Japan a 2022, sannan a Agustan 2025 ta koma 549 a Amurka. Xbox Series X, wadda ita ma ta fara da 499, ta kai 649 a shekarar. A ƙarshen 2024 Sony ya fito da PlayStation 5 Pro a kan dala 699, lambar da ta kashe 3DO, kuma ba ta da ramin saka faifai. A lokacin, mai son ya yi aro ko ya sayi na hannu sai ya ƙara dala 79 ya sayi na'urar karantawar daban.