3.2 Farkon Aikin Amir Kassam a Samaru da Dangantakarsa da Noman Rani a Kura da Bunkure

Idan ana zancen tarihin noman rani a ƙasar Kura da Bunkure, yawanci abin da akan ambata shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 a zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, sai kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Ba kasafai akan tuna da masanan da suka binciki yadda shuka kanta take shan ruwa ba, alhali kuwa haƙa magudana ba ya gaya wa manomi ranar da ya kamata ya yi ban-ruwa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan masana shi ne Amir Kassam, haifaffen tsibirin Zanzibar. Ya yi karatun aikin gona a Jami'ar Redin da ke Ingila, ya kuma karanci ilimin ban-ruwa a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka. A farkon shekarun 1970 ya zo Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Fanninsa shi ne nazarin yadda jikin tsiro yake aiki, wato yadda yake jan ruwa ta saiwa, ya fitar da shi ta ganye, ya kuma mayar da hasken rana abinci.

Zamansa a Samaru ya yi daidai da farin 1973, lokacin da tambayar ruwa nawa shuka take bukata ta zama ta rai da mutuwa. Shi da abokin aikinsa J. M. Kowal sun yi amfani da wani babban akwati cike da ƙasa wanda aka binne a tsakiyar gona, aka yi shuka a cikinsa kamar sauran gonar, ana auna nauyinsa a kai a kai. Duk nauyin da ya ragu, ruwa ne da ya tashi daga ƙasa ko ya fita ta ganye. Ta wannan hanya suka auna shan ruwan masara da gero da gyaɗa tun daga tsiro har zuwa nuna. Haka kuma sun nuna cewa saboda yawan hasken rana, hatsi irin su masara kan iya yin yabanya a ƙasar Arewa fiye da kurmin Kudu, muddin akwai ruwa da taki.

A nan ya kamata a yi hattara. Wannan awo a Samaru aka yi shi, kuma a kan amfanin damina, ba a filayen Kadawa ba. Sai dai ka'idar ɗaya ce. A 1979 Kassam da J. Doorenbos sun wallafa wa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya littafin da ya bayyana yawan amfanin da akan rasa idan ruwa ya gaza, da kuma cewa ƙishirwar lokacin fure ta fi yi wa hatsi ɓarna. Wannan ya shafi manomin alkama na Bunkure kai tsaye, musamman wanda gonarsa take ƙarshen magudana, inda ruwa kan makara, yayin da na bakin magudana yake malale tasa gonar har ta jiƙe fiye da kima.