Dandali: Filin Kowa Da Kowa, Daga Ƙasar Hausa Zuwa Sabo

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a nan Sabo ta Ibadan, in ka ce musu dandali, abin da ke zuwa ransu shi ne Facebook da WhatsApp, wato dandalin sada zumunta. Ba laifinsu ba ne. Amma kalmar aro aka yi daga wani fili na gaske, mai ƙasa da inuwa, wanda kakanninmu ba sa kafa gari sai da shi.

A ƙauyen Hausa, dandali shi ne filin da ake bari a tsakiyar gari, galibi a ƙofar gidan mai gari, kusa da masallaci. Ba a noma shi, ba a gini a kansa, ba a raba shi a gado. Sau da yawa akwai durumi ko ceɗiya ko tsamiya a gefe, inda dattawa ke shimfiɗa buzu da hantsi. Nan sanƙira ke shela, nan ake kiran gayya, nan baƙo ke fara tsayawa kafin a nema masa masauki. Da kaka, in amfani ya zo gida, sai dambe da kokawa. Da farin wata kuma 'yan mata na gaɗa, samari na langa, ga masu tallan gyaɗa da fitilarsu. Ba mu ce duk abin da ake yi a wurin daidai ne ba. Tun zamanin Shehu Usmanu malamai ke tsawatarwa kan cuɗanyar maza da mata a wajen kiɗa. Sai dai halin aka nemi gyarawa, filin kuwa aka bar wa jama'a abinsu.

Manyan birane ma haka tsarin yake, sai dai girma. A Kano, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa. A filin Ƙofar Kudu na wannan gida ake jahi ranar Hawan Daushe, hawan da ke cikin bikin Sallar Kano wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Katsina na da filin Kangiwa a gaban fada. Zariya na da Ƙofar Fada, inda masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina yake. A Borno kuwa Barebari na cewa dandal: Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, tana da shi, kuma har yau akwai hanyar Dandal da ke kaiwa ƙofar fadar Shehu a Maiduguri.

To me ya sa waɗannan filaye suka daɗe haka ba a cinye su ba, alhali suna tsakiyar gari inda ƙasa ta fi daraja? Dalili biyu ne. Na farko, suna da mai tsaro. Wa zai kafa rumfa a ƙofar sarki ba da izini ba? Na biyu, addini ya ba su gindin zama. Manzon Allah (SAW) yakan fita fili ne ya yi sallar Idi a Madina, a wajen da masallacin Gamama yake a yanzu. Littattafan fiƙihunmu na Malikiyya sun yi bayanin harimin gari, wato ƙasar da mutanen gari ke amfana da ita tare, kamar wurin kiwo da na itace, wadda ba ya halatta mutum ɗaya ya mallake. Daga nan muka sami kalmar hurumi.

Yanzu mu dawo gida. Fatauci ne ya kawo kakanninmu Ibadan, su sauko da shanu, su koma da goro. Da farko a cikin gari suke zaune tare da Yarbawa, sai a 1916 aka keɓe musu wannan unguwa. Sun zo da abin da suka sani: sarki, limami, masu masauki, mahauta. A 1952 Sabo ta fara Juma'arta a masallacinta. Amma akwai bambanci da Arewa. A can gari na iya faɗaɗa ya ci daji. Mu nan iyakarmu a shate take, birni ya kewaye mu ta ko'ina, jama'a kuwa kullum ƙaruwa suke. Saboda haka kowane taku na fili ya zama kuɗi.

Mu 'yan kasuwa mun san yadda fili ke tafiya. Ba a rana ɗaya ake cinye shi ba. Yau wani ya ajiye tebur, a ce ai bawan Allah ne yana neman na tuwo. Gobe tebur ya zama rumfa, jibi rumfa ta zama kwantena, baɗi a zuba bulo. Bayan shekara goma 'ya'yansa su ce gadon ubansu ne, kuma ba mai takardar da zai ƙaryata su. Sakamakon muna ganinsa: suna ko ɗaurin aure sai an tare titi, zaman makoki a bakin kwata, yara na ƙwallo tsakanin okada da motoci. In gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ina za a tara mata da yara?

Tsaron da al'ada ta ba dandali a da, yau takarda ce ke ba da shi. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar birni na hannun gwamnan jiha, kuma a kotu "ai kowa ya sani" ba ta kai takarda ƙarfi ba. Don haka shawararmu ga Sarkin Hausawa da fadawansa, da limamai, da shugabannin kasuwa ita ce: a zaga unguwa a ƙidaya ɗan abin da ya rage, harabar masallaci ne, filin makaranta ne, ko gefen maƙabarta. A kira safiyo ya auna ya kafa duwatsu. A yi rajista da sunan amintattu na al'umma, kada a sa sunan mutum ɗaya komai kirkinsa, don shi zai mutu, magada kuma ba a san halinsu ba. Mai hali da ke neman sadaka mai gudana, ga ƙofa: ya sayi kango ya yi waƙafinsa, a dasa itatuwa, a bar shi fili.

Dattawan da suka san iyakokin wuraren nan suna ta ƙarewa. A je a tambaye su tun suna raye, a rubuta, a sa shaidu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu. Amin.