AMSOSHIN WASIƘUNKU: Shin Aikin Hoton Ƙashi Yana Hana Haihuwa?

Wasiƙar wannan mako ta wani dattijo ce mazaunin Fagge, mai shago a kasuwar Sabon Gari. Ya ce 'yarsa ta kafe sai ta karanci aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, shi kuwa ya ji an ce hasken na'urar yana kashe haihuwa. Shin ya bar ta?

To Alhaji, tsoron nan naka yana da asali. A 1895 ne wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken eksire, nan da nan kuma likitoci suka rungume shi babu wata kariya. Wasu ma da hannunsu suke gwada ƙarfin na'urar. Yatsu suka ƙone, sankara ta biyo baya. Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, sai da aka yanke hannuwansa biyu kafin ya mutu a 1904. A 1936 aka kafa wani dutse a Hambug ɗauke da sunayen mutum 169 da wannan aiki ya ci. Ɓarnar nan ce ta haifi wata sana'a dabam: auna hasken da tsare mutane daga gare shi.

Mu a nan, bam ne ya farkar da mu. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Duk wanda ya san ƙurar hunturun da ke lulluɓe Kano daga arewa, ba sai an gaya masa abin da ya tayar da hankalin jama'a ba. A Janairun 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, a 1964 kuma aka buɗe ofishin sa ido kan irin wannan haske a Jami'ar Ibadan. Doka ta zo a 1995, hukumar NNRA ta kama aiki a 2001. An dai yi nawa, gaskiya.

Yau hanya biyu ce a gaban 'yarka. Ko ta karanci ɗaukar hoton, wanda ake koyarwa nan Jami'ar Bayero, ta yi rajista da hukumar masu sana'ar. Ko ta yi digirin fiziks ta ƙaro ilmi, ta zama mai duba na'urori da kaurin bangon ɗakin hoto. Waɗannan na biyun ba su da yawa, kuma ni da 'yata ce nan zan karkatar da ita.

Batun haihuwa kuwa, ƙa'ida ita ce kada abin da ma'aikaci ke sha ya wuce milisibat 20 a shekara. Kafin ya kashe haihuwar mace gaba ɗaya, sai ya haura 2,000 a lokaci guda. Sai dai duk inda za ta kama aiki, babban asibiti ne ko ɗan kilinik, ta tambaya: akwai rigar dalma? Akwai ɗan bajon da ake maƙalawa a ƙirji yana ƙirga hasken, kuma ana kai shi awo? In babu, ta nemi wani wurin. In ta samu juna biyu kuma, ta sanar da shugabanta da wuri.